Ƙofofi biyar na wayar fiba: abin da sabon layin Nijar zai iya sauyawa a yankinmu, da abin da ya fi ƙarfinsa

Ranar Alhamis 14 ga watan Maris na 2024, ana cikin kwanakin farko na azumi, jama'a a Akra, Kumasi, Kwatano da Wagadugu suka tarar da saƙonnin murya na WhatsApp sun maƙale a wayoyinsu. Masu shagunan tura kuɗi suka zauna suna kallon na'ura, wasu bankuna suka ba abokan hulɗarsu haƙuri. A Yamai da Duwala ma rezo ya yi rauni. Da yawa sun ɗora laifin a kan kamfanin layinsu, wasu kuma suka zargi gwamnati. Alhali abin ya faru ne a ƙasan teku, daura da gaɓar Abijan, inda manyan wayoyi huɗu da ke ɗauke da intanet na yammacin Afirka, wato WACS, ACE, SAT-3 da MainOne, suka lalace kusan lokaci guda. Kamfanin MainOne ya danganta lamarin da motsin ƙasa a ƙarƙashin ruwa. Dole aka jira jiragen ruwa masu gyara, cikinsu har da Léon Thévenin da ke zaune a Afirka ta Kudu, kuma wayar ƙarshe ba ta dawo aiki ba sai cikin watan Mayu.

Wata ashirin bayan haka, a watan Nuwamban 2025, hukumomin Nijar suka karɓi aikin shimfiɗa wayar fiba mai tsawon kilomita 1,031, wanda shi ne kason ƙasar a babban layin da zai ratsa Sahara, wanda ake kira DTS a taƙaicen Faransanci. Bankin Raya Ƙasashen Afirka ne ya ɗauki kaso mafi girma na kuɗin, kimanin Yuro miliyan 43, wato sama da miliyar 28 na sefa. Ga Hausawan da ke zaune a zangunan Gana, a Birkitiri ta Yawunde, a Garwa, Marwa ko Njamena, waɗanda zumuncinsu da cinikinsu da aiken kuɗinsu duk suka koma cikin waya, wannan labari ya shafe su kai tsaye. Tambayar ita ce, shin sabon layin zai hana a sake ganin irin ranar 14 ga Maris?

Zaren gilashi mai ɗauke da haske

Abin da Faransanci ke kira fibre optique, masu aikin kuma suke ce wa fiba, zare ne na gilashi tsantsa. Kaurinsa kashi ɗaya ne cikin takwas na milimita, kusan kaurin gashin kai. A tsakiyarsa akwai wata hanya da ta fi haka siranta nesa ba kusa ba, kuma ta nan haske ke bi. Na'ura a wannan gefe tana kunna haske tana kashewa sau miliyoyi barkatai a cikin daƙiƙa guda, na'urar ɗaya gefen kuma tana karanta wannan ƙyaftawa ta mayar da ita murya, hoto ko lissafin kuɗi. Gilashin da ya kewaye hanyar an haɗa shi yadda zai riƙa mayar da hasken ciki, shi ya sa ko zaren ya ɗan lanƙwasa hasken ba ya tserewa. Gudunsa a cikin gilashin ya kai kimanin kilomita dubu 200 a daƙiƙa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1966 ne Charles Kao, wanda daga baya ya samu lambar yabo ta Nobel a 2009, ya nuna cewa idan aka tace gilashi sosai zai iya kai haske nesa. Kamfanin Corning na Amurka ya samar da irin wannan gilashi a 1970, kuma a 1988 aka soma aiki da wayar fiba ta farko da ta ratsa tekun Atlantika. A yau kusan dukkan bayanan da ke yawo tsakanin nahiyoyi ta ƙasan teku suke bi, ba ta tauraron ɗan'adam ba kamar yadda mutane da yawa ke zato.

Abin da ya sa fiba ta yi wa wayar tagulla zarra shi ne yawan kayan da take ɗauka da kuma nisan da take kai su. Zare guda zai iya ɗaukar launukan haske masu yawa a lokaci ɗaya, kowane launi da nasa kaya. Saboda haka idan buƙata ta ƙaru ba sai an sake tona rami ba, na'urorin da ke bakin layin kawai za a sauya. Ga ƙasa mai faɗi da ƙarancin kuɗi irin Nijar ko Cadi wannan babbar riba ce: abin da aka binne yau zai iya yin shekaru ashirin ko fiye yana aiki, matuƙar an kula da shi.

Akwai kuma kuskuren fahimta da ya kamata a gyara. Wayar hannu ba ta rabu da waya ba. Tazarar da ke tsakanin wayar mutum da eriyar unguwarsu ce kawai ke bi ta iska. Daga eriya zuwa gaba, saƙon da mai sayen albasa ya aika daga Kumasi zuwa Galmi yana bin zare ne, gari bayan gari, sau da yawa ma sai ya shiga teku ya je Turai ya dawo kafin ya iso.

Ƙananan kayan da layi ke rayuwa da su

Ranar bikin ƙaddamarwa kilomita ake ƙirgawa, amma lafiyar layi tana rataye ne a kan ƙananan kayan haɗi da ba a cika ambata a jawabi ba. Zaruruwan, waɗanda kan kai 24, 48 ko 96 a waya guda, ana zuba su ne cikin ƙananan bututu masu launi daban-daban domin ma'aikaci ya gane kowanne. Ana sa musu wani mai mai kauri da ke hana ruwa shiga, a ƙara sanda mai ƙarfi a tsakiya don kada wayar ta miƙe idan an ja ta, sannan a rufe da baƙar roba. Wata kan zo da rigar ƙarfe saboda ɓera da gafiya. Ita kuma wayar ana zura ta cikin bututun roba da aka binne kimanin zurfin mita guda, a shimfiɗa ƙyallen gargaɗi a samansa domin mai haƙa ya gani ya dakata.

Wayar tana zuwa ne a naɗe a kan manyan gammaye na katako, kowanne kilomita kaɗan. Ke nan a layi mai kilomita dubu akwai ɗaruruwan wurare da aka haɗa baki da baki. Wannan haɗi ba ɗauri ba ne irin na wayar lantarki. Sai an yanke zaren daidai da wata wuƙa ta musamman, a saka bakunan biyu cikin wata ƙaramar na'ura da ke daidaita su ta narka su da tartsatsin wuta su zama ɗaya. Daga nan a ajiye haɗin cikin akwatin da ruwa ba ya shiga, a cikin rami mai murfin siminti. Idan layi ya katse, akwai na'urar da ke harba haske ta auna dawowarsa, ta faɗa wa ma'aikaci a kilomita nawa matsalar take. In babu wannan na'ura, ko babu wanda ya iya karanta ta, aikin wuni guda sai ya ci mako.

Haske ma yana gajiya. Bayan kowane kilomita 80 zuwa 100 ana buƙatar tashar da za ta ƙara masa ƙarfi, kuma tashar na buƙatar wuta dare da rana. A tsakanin Arlit da Asamaka, ko arewa da Ngigmi, ma'anar wannan ita ce faifan sola da batura da mai gadi, da kuma motar da za ta iya ratsa rairayi. A cikin ɗakunan na'ura kuwa, ƙurar hunturu da ido ba ya gani ta isa ta toshe bakin mahaɗi ta rage ƙarfin layi.

Kusan duk waɗannan kaya daga waje ake sayo su, galibi daga Sin, Japan, Turai da Amurka. A Najeriya kamfanin Coleman ya buɗe masana'antar haɗa wayar fiba a jihar Ogun a 2022, amma na'urorin haɗi da na awo har yanzu na ƙetare ne. Ga Nijar, wadda tun bayan rufe gadar Gaya da Malanbil yawancin kayanta ke saukowa ta Lome su ratsa Burkina Faso cikin ayarin da sojoji ke rakawa, kayan gyaran da ba a tanada a rumbu ba tun da wuri ba za su iso ranar da ake buƙatar su ba.

Kowace ƙofa da maƙwabcinta

Sabon aikin na Nijar kashi biyar ne, kuma kowanne yana ƙarewa a kan iyaka: Arlit zuwa Asamaka zuwa iyakar Aljeriya, Difa zuwa Ngigmi zuwa iyakar Cadi, Damagaram zuwa Magariya zuwa iyakar Najeriya, Yamai zuwa Doso zuwa Gaya a iyakar Binin, sai Yamai zuwa Makalondi a iyakar Burkina Faso. Aikin ya haɗa da cibiyar adana bayanai ta ƙasa a Yamai. Hikimar tsarin a fili take. Ƙasar da ba ta da teku, intanet ɗinta ta gidan maƙwabci yake shigowa, kuma shekaru da dama hanyar Kwatano ce babbar mashigar Nijar. Gida mai ƙofa ɗaya, ranar da ƙofar ta toshe kowa na ciki ya zama fursuna.

Amma daraja ba ɗaya ba ce tsakanin ƙofofin. Ta Binin da ta Burkina duk a gaɓar tekun Gini suke ƙarewa, wato wurin da wayoyi huɗun nan suka katse rana ɗaya. Ƙofa biyu da ke fita lungu ɗaya ba su da bambanci da ƙofa ɗaya idan lungun ne ya rufe. Ta Najeriya ta fi su fa'ida, domin Legas ta tara wayoyin teku da dama, cikinsu har da Equiano ta kamfanin Google, wadda ta sauka a Lome da Legas a 2022 kuma ta tsira a hatsarin 2024, har kamfanoni suka karkatar da kayansu ta cikinta. Wayar 2Africa mai tsawon kilomita dubu 45 ita ma ta sauka a Gana da Najeriya. Ƙofar Magariya tana da wani amfanin na cikin gida: babban layin Nijar yana bin hanyar mota ce daga Yamai zuwa Doso, Ƙonni, Maraɗi, Damagaram har Difa. Idan ya katse a yamma, duk gabas na iya shiga duhu, sai fa in akwai mafita ta kudu zuwa Kano, wadda ba ta kai kilomita 300 daga Damagaram ba.

Ƙofar da ta bambanta da sauran ita ce ta Asamaka. Aljeriya ta riga ta kawo nata layin, mai tsawon fiye da kilomita 2,500, daga birnin Aljas zuwa In Gezam. Ta nan ne kaɗai Nijar za ta iya kaiwa ga wayoyin Bahar Rum ba tare da ta taɓa tekun Gini ba. Da wannan hanya tana aiki da cikakken ƙarfi a watan Maris na 2024, da abin da ya faru daura da Abijan bai yi wa Yamai illa sosai ba.

Sai dai waya ba ta tsallake iyaka da kanta. Kowace mahaɗa tana buƙatar yarjejeniya tsakanin kamfanoni biyu da amincewar gwamnatoci biyu, kuma shekarun baya-bayan nan sun nuna yadda dangantaka ke saurin tsami. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta katse wa Nijar wutar lantarki a ƙarƙashin takunkumin CEDEAO, wanda ba a ɗage ba sai watan Fabrairun 2024. Tsakanin Yamai da Kwatano an yi ta takun-saƙa kan iyaka da bututun mai. A watan Afrilun 2025 kuma ƙasashen AES suka janye jakadunsu daga Aljeriya bayan harbo jirgin Mali maras matuƙi. Wanda ya ga an yanke wayar wuta saboda siyasa ba zai ce ba za a taɓa yanke ta intanet ba. Ban da siyasa akwai tsaro: yankin Makalondi da Torodi, gefen tafkin Cadi da kuma hanyar Asamaka wurare ne da ma'aikacin gyara ba ya zuwa sai da rakiya, kuma a jihar Tilaberi 'yan bindiga sun sha lalata eriyoyin sadarwa.

Cadi da arewacin Kamaru: darasin layi guda

Wanda ke son ganin illar dogaro da layi guda, ya dubi Cadi. Babbar hanyar intanet ɗin ƙasar ta Kamaru take bi zuwa teku. An shimfiɗa hanya ta biyu daga Njamena zuwa Adre ta shiga Sudan domin ta kai ga Bahar Maliya, amma yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 ya raunana ta. A watan Oktoban 2024, lokacin da ambaliya ta addabi yankin, layin Kamaru ya katse, ƙasar ta tsinci kanta cikin duhun intanet. Shi ya sa kason Cadi na layin Sahara, mai tsawon kimanin kilomita 500 daga Masaget ta Masakori, Mawo da Rig-Rig zuwa iyakar Nijar, yake da muhimmanci ga ƙasashen biyu. Aikin ya sha jinkiri, kuma wayar da Nijar ta kai arewa da Ngigmi ba ta da wani amfani na ƙetare sai an haɗa ta da 'yar'uwarta.

Kamaru kuwa ba ta da ƙarancin teku. Wayoyi suna sauka a Duwala, Limbe da Kiribi, har da SAIL da ta haɗa Kiribi da Fortaleza ta Brazil a 2018. Matsalarta a tudu take. Kamfanin gwamnati, Camtel, shi ke riƙe da babban layin cikin ƙasa, sauran kamfanoni haya suke yi a wurinsa, kuma an daɗe ana musayar zargi tsakaninsu a kan wanda ke da alhakin yawan katsewa. Mazaunin Marwa ko Kuseri yana can ƙarshen wani dogon zare da ya taso daga kudu ya ratsa Ngaundere da Garwa. Duk wata katafila da ke aikin hanya a tsakani za ta iya raba shi da duniya, alhali Njamena na tsallaken kogi, Maiduguri ma ba ta da nisa. Injiniyoyi suna da magani sananne ga wannan: a gina layi kamar zobe, yadda in ya katse ta dama kaya za su juya ta hagu. A yankin tafkin Cadi babu ƙasar da za ta iya rufe zobenta ita kaɗai cikin araha. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da ke yanke waya a tudu ba a ɓoye yake ba. Na farko aikin hanya da gini ne, inda ɗan kwangila ke haƙa ba tare da ya tambayi taswirar abin da ke ƙasa ba. Sai ruwan sama da ke zaizaye gefen hanya da gadoji, kamar yadda aka gani a daminar 2024. Sai kuma ɓarayi da ke tona waya da zaton tagulla ce, alhali babu abin sayarwa a cikin zaren gilashi. Sun ɓata wa dubban mutane harka, su kuma sun tashi a tutar babu. A Najeriya abin ya yi ƙamari har a 2024 gwamnatin tarayya ta saka kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke ba kariya ta musamman. Dokar kaɗai ba ta isa ba in ma'aikatar ayyuka da kamfanin waya ba sa zama tebur guda kafin a soma haƙa.

Daga babban layi zuwa aljihun talaka

Ko da duk ƙofofin biyar sun buɗe, hakan bai tabbatar da cewa kuɗin data zai sauka ba. Babban layi kamar babbar hanyar kwalta ce: in babu hanyoyin da suka ratse zuwa ƙauyuka, manomi zai ci gaba da ganin motoci suna wucewa. Eriyoyi da yawa a karkara har yanzu ta iska suke miƙa wa juna saƙo, ba a haɗa su da fiba ba, shi ya sa mutum zai ga alamar 4G a wayarsa amma hoto ɗaya ya ƙi buɗewa. Ga kuma wuta: a Nijar waɗanda ke samun lantarki ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na jama'a ba, a Cadi kuwa kimanin ɗaya ne cikin goma. Eriyar da ke aiki da gazuwal, mai waya ne ke biyan kuɗin man a cikin kuɗin katinsa.

Na biyu shi ne farashin sari. A Nijar kamfanoni huɗu ke sayar da layi: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da kuma Niger Telecoms na gwamnati, wanda aka kafa a 2016 bayan haɗe Sonitel da SahelCom. Idan wanda aka damƙa wa babban layi shi ma yana gasa da waɗanda ke haya a wurinsa, akwai jarabar ya tsawwala musu, kuma duk abin da aka tsawwala wa kamfani a kan mai saye yake ƙarewa. A nan ne aikin hukumar ARCEP yake: ta tabbatar da farashin sari ɗaya ga kowa, a bayyane, tare da wa'adin gyara da tarar da za a biya in an saɓa. Ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi ne kada kuɗin intanet na yau da kullum ya wuce kashi 2 cikin 100 na matsakaicin samun mutum a wata, kuma Nijar da Cadi suna cikin ƙasashen da ba su kai ga wannan ba.

Na uku shi ne inda bayanan ke zaune. Muddin saƙo daga Maraɗi zuwa Katsina sai ya je Marsai ko Landan ya dawo, ana biyan kuɗin doguwar tafiya a kan abin da ke bayan gida. Cibiyar adana bayanai ta Yamai za ta yi amfani ne idan takardun gwamnati, sakamakon jarrabawa da lissafin kamfanonin tura kuɗi suka zauna a cikinta, kuma kamfanonin waya suka riƙa musayar kaya a cikin gida. Da haka ko teku ta katse, aiken kuɗi daga Yamai zuwa Tawa ba zai tsaya ba.

Starlink zai maye gurbin fiba?

Tun da Starlink ya soma aiki a Najeriya a 2023, a Gana a 2024, a Nijar da Cadi kuma a 2025, wasu na ganin tona rami ya zama tsohon yayi. A Kamaru ma, inda hukumomi suka hana shigo da kayansa a 2024, an ga yadda jama'a ke nemansa. Amfaninsa a fili yake: faranti guda a rufin asibitin ƙauye ko tashar kan iyaka zai kawo intanet a yini ɗaya, inda fiba za ta ɗauki shekaru kafin ta iso. A Sudan, bayan katsewar layuka a farkon 2024, da shi mutane da dama suka riƙa karɓar kuɗin da 'yan'uwa ke aiko musu.

Amma tauraron da ke shawagi kimanin kilomita 550 a sama yana raba ƙarfinsa ne tsakanin duk masu faranti a yanki guda, shi ya sa a manyan birane irin su Legas aka kai lokacin da kamfanin ya dakatar da karɓar sababbin masu rajista saboda cunkoso. Shi kansa a ƙarshe yana sauke kayan ne a tashoshin ƙasa da ke haɗe da fiba. Kuɗin faranti da na wata-wata sun fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma makunninsa yana hannun kamfani guda a wata nahiya. Ya dace da daji da ranar gaggawa. Birni mai mutum miliyan, da jami'a da bankuna, fiba ce za ta ɗauke shi.

Hannun da ke kan makunni

Akwai katsewar da ba katafila ko ambaliya ke jawo ta ba. A 2017 yankunan Kamaru masu magana da Ingilishi sun yi kusan wata uku babu intanet bisa umarnin hukuma. A Cadi an toshe shafukan sada zumunta daga Maris na 2018 zuwa Yulin 2019. A Nijar an yanke intanet na wayar hannu na kwana goma bayan zaɓen Fabrairun 2021, a Zamfara kuma an rufe layukan waya a watan Satumba na wannan shekara da sunan yaƙi da 'yan bindiga. Duk lokacin da hanyoyin shigowar intanet suka taru a hannu ɗaya, rufe su na ƙara sauƙi. Ana yawan ambaton 'yancin kan ƙasa a fannin sadarwa idan ana maganar layin Sahara, kuma gaskiya ne ƙasa na da haƙƙin kada maƙwabci ya riƙe mata wuya. Haka shi ma ɗan ƙasa yana da haƙƙin a rubuta a doka wane ne ke da ikon rufe layi, da wane dalili, na tsawon wane lokaci, da kuma kotun da za a kai ƙara. Mai dako a Akra da ke aika wa mahaifiyarsa kuɗin magani a Madawa bai damu da ko teku ce ta yanke layin ko ofis ba. Abin da ya sani shi ne kuɗin bai isa ba.

Abubuwan da za a sa wa ido

Ba a auna nasarar wannan aiki da tsawon kilomita. Alama ta farko ita ce ranar da za a sanar cewa kaya sun soma wucewa ta Asamaka da ta iyakar Cadi, da sunan kamfanonin da suka sa hannu da yawan ƙarfin da aka saya. Ta biyu, a ga farashin sari a rubuce, sannan a ga ko kuɗin data ya motsa a cikin shekara guda. Ta uku, a duba kasafin kula da layin: motoci nawa, rumbun kayan gyara nawa, a waɗanne garuruwa. Layin da ma'aikacin gyaransa sai ya taso daga Yamai zuwa Difa, tafiyar fiye da kilomita 1,300, layi ne da zai riƙa kwana a katse.

Wannan batu na ƙarshe dama ce ga matasa. Haɗa zare, auna layi da kula da tashar sola sana'o'i ne da ake koya cikin watanni, ba sai da digiri ba, kuma buƙatarsu za ta ƙaru, musamman da Najeriya ta sanar da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita dubu 90. Makarantun koyon sana'a na Damagaram, Maraɗi, Garwa da Njamena za su iya soma horar da su tun yanzu, maimakon a jira a ɗauko ma'aikata daga waje duk ranar da waya ta katse. Masu unguwanni da hakimai ma suna da rawar takawa, domin su ne za su iya faɗa wa jama'a cewa baƙar wayar da ke bin gefen hanya babu tagulla a cikinta, kuma ta cikinta kuɗin ɗansu da ke ci-rani ke isowa.

Kafin wannan lokaci, 'yan kasuwar da ke hulɗa tsakanin ƙasashe suna da dalilin ci gaba da abin da suka saba: layi biyu na kamfanoni daban-daban, lambar dillali a rubuce a takarda, da ɗan kuɗi a hannu saboda ranar da na'ura za ta ƙi. A duniya ana samun lalacewar wayoyin teku sau 150 zuwa 200 a kowace shekara, yawanci saboda anga da komar masunta, don haka wata katsewar za ta sake zuwa. Abin da zai bambanta ta da ta 2024 shi ne ko a ranar akwai haske a zaren Asamaka da na Magariya, kuma akwai wanda ya iya juya kaya ta cikinsu kafin a rufe kasuwa.